Gida a cikin gona eka 4 bayan Kwanar Dawaki, in saya ko in haƙura?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, kuma na fi son wanda ya taɓa abin da hannunsa ya yi magana, don wallahi yau kusan kwana goma ke nan bana samun barcin kirki saboda lissafi.

Ni ɗan kasuwa ne, ina da ɗan shago a kasuwar Kantin Kwari, shekarata 14 ina haya, yanzu haka a Sheka muke, ɗaki biyu da falo, ni da maiɗakina da yara huɗu. Duk shekara sai an ƙara mana kuɗin haya, ga ruwa kullum sai na 'yan garuwa. Na ɗan tara abin da Allah ya hore, niyyata tun farko in samu rabin fuloti ko da kango ne nan cikin gari in lallaɓa in rufa mu shiga. To sai wani dillali da muka saba ya ce in zo in ga wani waje, muka bi titin Zariya har muka wuce Kwanar Dawaki, sannan muka bar kwalta muka shiga burji kamar kilomita 3. Gida ne ginin bulo, ɗaki huɗu da falo da kicin, rufinsa bai daɗe ba, kuma a tsakiyar gona yake wadda suka ce eka 4 ce. Mangwaro 11 na ƙirga da kaina, ɗorawa biyu, wata ƙatuwar tsamiya a ƙofar gida, ga rijiya. Ranar da muka je an gama yankan dawa an tsayar da kara, babu ƙarar janareta babu hon ɗin adaidaita, ƙaramin yarona da na tafi da shi sai gudu yake yana bin zabi, yaron da a gida in ya buga ƙwallo sau biyu ta faɗa kwata. Na tsaya a gindin tsamiyar nan na ji wani irin sanyi a raina wanda na manta rabona da shi.

Kuɗin da suka yanka kusan ɗaya yake da na kangon da nake nema a cikin gari, sai dai zai cinye duk abin da na tara, ba abin da zai rage sai jarin shago. Takarda kuwa ta cinikin mai unguwa da dagaci ce kawai, babu C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Wuta ba ta ƙaraso gidan ba, turakun sun tsaya a cikin ƙauyen, tafiyar minti biyar a ƙafa. Dillali yana ta matsa min wai akwai wani Alhaji da yake so, in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a.

Yayana yace hauka zan yi, abokin cinikina yace in ban saya ba zan yi nadama har in mutu. Ku da kuka san irin wannan zaman, mene ne daɗinsa mene ne wahalarsa, kuma me ya kamata in bincika?

Tsohon Safiyo:

Wa alaikumus salam Malam Baban Ummi. Na yi aikin awon ƙasa sama da shekara talatin kafin in ajiye, bari in faɗa maka abin da zan faɗa wa ɗan cikina.

Na farko kar ka ba da ko sisi kafin Juma'ar nan. Wannan Alhajin da yake so, kusan duk filin da aka taɓa sayarwa a Kano yana da irinsa. In gaskiya ne akwai shi to ba rabonka bane, in kuma babu shi wajen zai jira ka.

Na biyu, eka 4 ɗin nan wa ya auna? Mutanenmu na karkara da ido suke kintatawa, dillali kuma yau ya ce eka gobe ya ce hekta kamar abu ɗaya ne, alhali eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, wato hekta ta kusa eka biyu da rabi. Ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba wanda dillali ya kawo ba, a kira maƙwabtan gonar na gabas da yamma da kudu da arewa su tsaya kowa ya nuna iyakarsa da ƙafarsa, a gaban mai unguwa, sannan a dasa bikon, wato turakun siminti na alamar iyaka. Iyakar gona a ƙauye layin gamba ne ko bini-da-zugu ko wata aduwa, kuma su waɗannan tafiya suke yi, bana a ci kunya ɗaya baɗi a ci ɗaya, shekara goma sai kaga an rasa inda aka faro.

Na uku shine babba, yaya aka yi gonar ta zo hannun mai sayarwa? Saya yayi, kyauta aka ba shi, jingina ce, aro ne, ko gado? In aka ce gado to ka nutsu sosai. An raba ko ba a raba ba? Yawancin shari'ar gona da na tsaya shaida a kanta daga nan take tasowa, babban wa ya sayar, ƙannensa mata suna gidajen aurensu ba wanda ya tuntuɓe su, ko akwai marayun wani ɗan uwa da ya rasu, sai bayan ka zuba kuɗi ka yi katanga sammaci ya iso. Kuma a fiƙihunmu na Malikiyya akwai shufa'a, in ɗaya daga cikin masu tarayya a kan abin da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyar yana da haƙƙin ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe. Don haka ka nemi takardar rabon gado ta kotu, in babu to duk magada maza da mata su zauna su sa hannu.

Sai maganar gwamnati. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, abin da kake saya haƙƙin zama da amfani ne. Ta cikin birni gwamna ke ba da shaidarta, ta karkara ƙaramar hukuma na iya ba da ta gargajiya, kuma gwamna ne yake ayyana inda ake kira birni, shi ya sa wajen da kake gani ƙauye ne zai iya kasancewa a taswirar gwamnati tuni ya shiga birni. Takardar mai unguwa da dagaci tana da amfani ƙwarai, shaida ce cewa anyi ciniki kuma gari ya sani, amma ba ita ce shaidar mallaka ba. In gwamnati ta buƙaci wajen don aikin jama'a za ta iya karɓa, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini, bishiyoyi masu amfani, shuka, ba kuɗin ƙasar yadda ka saye ta a kasuwa ba. Wannan ya fi shafar mai eka 4 a kan mai rabin fuloti, don kai yawancin kuɗinka a cikin ƙasa tsura yake kwance. Kuma ka tuna ɓangaren da kake magana kudancin Kano ne, ta nan manyan ayyukan da suka taso daga Kaduna suke shigowa, titin Abuja zuwa Kano, sabon layin dogo, bututun gas na Ajaokuta. Alheri ne in sun wuce kusa da kai, asara ce in sun bi ta kanka. Safiyonka ya ɗauki lambobin wajen na taswira ka kai KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a duba ko akwai wani abu a kansa, ko an taɓa ba wani, ko yana cikin wani shiri. Kuɗin binciken nan da na lauyan da zai rubuta yarjejeniya ba su kai kuɗin ƙofar gida ɗaya ba.

Mai Zabi:

Baba Safiyo ya gama magana a kan takarda, ni zan yi a kan zaman, don shekarata 6 a irin wannan gidan, nawa eka 3 ne a hanyar Gwarzo, kuma daga Gwammaja na taso.

Malam ka je a lokacin da kowace gona amarya ce. Kaka kenan, sanyi ya fara, hanya ta bushe, rijiya cike. Watanni biyu ne suke faɗa maka gaskiyar waje, Afrilu da Agusta. Afrilu ka leƙa rijiyar nan, Agusta ka bi burjin nan. Tunda ba za su jira ka har lokacin ba, ga dabara, ka koma kai kaɗai ba dillali, ka tsaya wajen 'yan acaɓan da suke bakin kwalta ka tambaye su nawa suke kai mutum ƙauyen da damina, in kuɗin ya ninka ko suka ce sai dai a zagaya ta wani gari to ka samu amsarka. Ka duba gindin bangon gidan ta waje ko akwai layin da ruwa ya taɓa kwanciya, ka duba ƙasar jigawa ce ko laka mai tsagewa, ka tambayi matan da ke ɗiban ruwa ina suke zuwa in bazara ta yi.

Ni ruwa ne ya fara koya min hankali. Rijiyata da na gani cike a watan Nuwamba, kafin azumin shekarar guga sai laka yake kwasowa. Na kira masu burtsatse ban yi awon ruwa ba don ina ganin ɓarnar kuɗi ce, suka haƙa suka haƙa suka tarar da dutse ba ɗigo, kuma kuɗinsu sai da na biya. Yawancin kudu da yammacin Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwan a cikin tsagar dutsen yake, maƙwabcinka zai samu kai taku ɗari tsakani ka rasa. Na biyu sai da aka kawo masu na'ura suka zagaye gonar suka nuna wata kusurwa can nesa da gida, aka samu Alhamdulillah, amma sai ga kuɗin fayif da tanki da fanfon sola. Wuta kuma kar ka sa rai da turakun cikin ƙauye, jawo ta minti biyar a ƙafa turaku nawa ne da waya, duk daga aljihunka, gara ka lissafa sola da inbata da batir tun yanzu.

Sai katanga, wadda ba wanda yake lissafa ta ranar da ya ga mangwaro. Eka 4 in murabba'i ce kowane gefe kusan mita 127 ne, zagayen ya haura mita 500. Fuloti mai ƙafa 50 ta 100 zagayensa mita 91 ne kacal. In za ka yi tsayin da ɓarawo zai ji kunyar haurawa kana maganar bulo wajen 12,000 ban da fandisho, ban da siminti da rodi da yashi da magina, kai ka san kuɗin buhun siminti yau. Ni na kasa, sai na katange gidan da ɗan fili na lambu kawai, sauran na ja waya na dasa bini-da-zugu da darbejiya. Kuma dole ka killace wani abu, don al'adar ƙauye da an kwashe amfani ake sakin dabbobi, watan Maris zogalenka da gwandarka ne kaɗai kore a duk yankin, awakin gari kaf sun san gidanka, kuma ba za ka yi faɗa da mutane a kan abin da suka gada ba. Ka tambaya kuma ko akwai burtali ko mashaya kusa, in akwai kar ka kuskura ka ci ko taku ɗaya a ciki ko da mai sayarwa ya rantse nasa ne. Ni Fulanin da ke wucewa ta wajenmu mun fahimci juna, da rani in bar musu kara su kwana biyu a gonar su bar min taki, su kawo wa yara nono, ban taɓa samun matsala da su ba.

Mai kuma, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 lissafina ya canza gaba ɗaya, abin da nake cewa na huta da kuɗin haya kusan rabinsa tanki yake sha. Kai da za ka shiga Kwari kullum, ga cunkoson Na'ibawa safe da yamma, ka zauna da biro ka lissafa na wata. Gara tana nan, kunama tana nan, maciji mun kashe ba sau ɗaya ba, dole a riƙa share ciyawa kusa da gida kuma yara su saba da takalmi da tocila.

Tsaro kuwa ba zan ɓoye maka ba, gidan da yake shi kaɗai a tsakiyar gona in ka yi ihu da daddare wa zai ji? Abin da ya taimake ni shine na zama ɗan gari. Sallar asuba da isha a masallacinsu, jana'iza da suna ina ciki, kuɗin 'yan sintiri ina bayarwa, na sa famfo ɗaya a wajen katanga mata suna ɗiba kyauta, na ba wani dattijo da iyalinsa ɗaki a bakin gona yana kula da shuka muna raba amfani. Wanda ya shigo a matsayin Alhajin birni, ya rufe get baƙin gilashi ba sallama, shi ne yake kwana da ido ɗaya.

Duk da haka ka tambaye ni zan koma Gwammaja? A'a wallahi. Dawa da masarar da muke ci na shekara daga bayan ɗakina suke fitowa, ƙwai ban san kuɗinsa ba, ragon layya a gida yake tashi, mahaifiyata da take fama da hawan jini tunda na dawo da ita nan take barci, yarana sun san banbancin gero da maiwa. Amma ni ban zuba duk abin da na mallaka a ciniki ba, na rage kusan kashi ɗaya cikin uku kuma duk ya tafi a ruwa da wuta da shinge cikin shekara ɗaya. Kalmar da ta tsaya min a rubutunka ita ce zai cinye duk abin da na tara.

Maman Sadik:

Salam. Baban Ummi kayi hakuri zan shigo maganar maza, amma na karanta tun daga sama naga kace yayanka yace, abokinka yace, dillali yace, banga inda kace Maman Ummi tace ba. Kai da safe zaka tada mota ka tafi kasuwa cikin mutane sai magariba, ita ce zata wuni a eka hudun nan.

Mu munyi shekara biyu a irin wannan gidan kafin mu dawo gari, kuma ba maigidana ne ya tilasta min ba nima ina so, ranar da muka tare har kuka nayi don dadi, tsakar gida kamar filin idi. Wata uku na farko yan uwa suna ta zuwa ganin gida ana daukar hoto a gindin mangwaro, daga nan kafa ta dauke, ba don basa sona ba, kudin mota ne da nisa, nima biki ko suna ko gaisuwar mutuwa sai na jira ranar da maigida yake da sarari, har aka fara cewa na yanke zumunci. Sana'ata ta dinki da cincin da nake samu a unguwa ta mutu murus don babu mai saye, matan kauyen mutanen kirki ne sun rike ni kamar yar uwa amma ba irin kayan da suke bukata kenan ba. Yara kuma ana idar da asuba za'a tashe su ayi wanka cikin sanyin hunturu, a mota suke karyawa a mota suke barci, su dawo a gajiye islamiyya ta gagara, babbar sai da haddarta ta koma baya.

Abinda ya dawo damu wani dare ne cikin watan Agusta. Sadik yana shekara biyu zazzabi ya rufe shi har ya fara sankarewa wajen karfe daya da rabi, ana ruwa tun isha, muka fito mota ta kafe a laka ko rabin hanya bamuyi ba, babansa ya sabe shi a kafada ni ina rike da tocilar waya muna tafe cikin ruwa har gwiwa, takalmina daya a can na barshi, sai da muka kai kwalta sannan Allah ya kawo wani mai daukar kayan gwari ya taimaka mana zuwa asibiti. Allah ya tashi kafadarsa, yanzu yana aji uku, amma ni daga ranar ko hadari naga ya hado gabana faduwa yake. Don haka ka duba asibiti mafi kusa da yake da ma'aikaci da daddare, ba wanda yake da allo kawai ba, kuma in Maman Ummi tana haihuwa har yanzu ka lissafa nakudar dare.

Bance kar ka saya ba, gonar mu har yau tana nan bamu sayar ba kuma ita take ciyar damu, duk karshen sati muna can. Ka dauke ta ku je ku wuni, in da hali ku kwana, ka barta ta shiga gidajen makwabta ita kadai ta tambayi mata abinda kai ba zasu fada maka ba. Kuma in tace to, ka tabbata to din har zuci ne ba na kunya da biyayya ba.

Ɗan Rimi:

Ni fa jama'a ina ganin kuna tsorata bawan Allahn nan da yawa. Yallaɓai ƙasa ba ta ruɓewa kuma ba a ƙera sabuwa, naira kuwa kowa ya ga abin da ya same ta a 'yan shekarun nan. Danbare da Rijiyar Zaki da Mariri ai duk gonaki ne a idon iyayenmu, waɗanda aka yi wa dariya sun sayi daji yau jikokinsu ke cin arziƙi. Eka ɗaya fuloti 8 ce da ɗoriya in 50 ta 100 ne, eka 4 ka haura 30 kafin a cire hanya, ina za ka haɗa da rabin fuloti a lungun da mota ba ta shiga? Kano kuma ta titin Zariya take miƙewa kowa yana gani. In kuɗin burtsatse da katanga ne matsala ka yanki eka ɗaya ta baya ka sayar bayan shekara ɗaya ko biyu, ita za ta yi maka duk aikin. In takarda ta yi kyau ka saya kawai, ko ba za ka tare yanzu ba.

Tsohon Safiyo:

Ɗan Rimi maganarka akwai gaskiya, amma gona ba ta fita da sauri kamar gida a cikin gari, ranar da kake neman kuɗi da gaggawa ranar ake taya ta da wulaƙanci. Kuma yanka fuloti ba izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, shine awon igiya, a nan ake samun unguwa ba hanya ba magudanar ruwa, wata rana a zo a shafa jan fenti. Sannan shi Malam gidan zama yake nema don ya fita daga haya, in ya saya bai tare ba ga haya ga gona ga aljihu wayam.

Baban Ummi:

Jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Ban ba da kafin alƙalamin ba, kuma Juma'a ta wuce yau kwana tara wajen yana nan, dillalin ma shi yake kirana yanzu.

Na koma ni kaɗai na yi sallar Juma'a a can na zauna da dattawa a ƙofar masallaci. Abin da na samo, gonar gado ce, su biyar ne maza uku mata biyu, babban ne ya gina gidan da kuɗinsa amma ƙasar ba a taɓa raba ta ba, kuma ɗaya daga cikin matan tana aure a Wudil ba ta ma san ana ciniki ba. Na kai safiyo, eka 3 ce da ɗan ɗoriya ba 4 ba, kuma ta gefen gabas akwai 'yar hanyar da mutane suke bi zuwa fadama wadda aka haɗa min a cikin lissafi. Rijiya sun ce ba ta ƙafewa gaba ɗaya amma tana ja baya sosai da bazara. 'Yan acaɓa sun ce hanyar tana biyuwa da damina sai waje ɗaya da ruwa yake yankewa in anyi mai yawa, yakan janye bayan awa biyu uku.

Hajiya Maman Sadik na gode ƙwarai, maganarki ta shige ni. Na kai Maman Ummi ranar Lahadi mun wuni, ta shiga gidaje uku. A hanyar dawowa ta ce wajen ya yi mata, amma ba za ta tare ba sai an yi ruwa da sola, kuma sai Ummi ta gama aji shida a inda take, wato nan da shekara ɗaya da rabi. Na ga hakan ma zai ba ni damar ganin Afrilu da Agusta da idona, in noma damina ɗaya, sai dai hayar shekara guda ta hau kaina kenan, ina nan ina lissafin ko shago zai iya ɗauka.

Baba Safiyo tambayata, babban wan yace zai kira ƙanwar tasu a waya a gabana ta amince, hakan ya wadatar?

Tsohon Safiyo:

Bai wadatar ba ɗana. Muryar waya ba ka san ko ta waye ba, kuma ko tata ce gobe za a iya cewa kunyar yayanta ta ji. Ta zo da kanta da katin shaidarta, ko ta wakilta wani a rubuce da shaidu, abin da ya fi ma su je kotu a raba musu gadon a ba su takarda sannan kowa ya sayar maka da kasonsa. Kuɗi kuma ta banki, kowane magaji nasa ya shiga asusunsa, kar ka damƙa wa mutum ɗaya ya raba. Ciniki a sake shi a kan abin da awo ya nuna ba eka 4 ba, hanyar fadamar nan a fitar da ita daga taswira a bar wa gari abinsu, bikon ɗinka ya tsaya daga cikinta. Kuma ka fara kai lambobin KANGIS kafin a ɗauko baiwar Allah daga Wudil, don in akwai wani abu a kan wajen ba sai an wahalar da ita ba. In sakamakon ya fito ka rubuto abin da suka ce in duba maka.